Danna Kare: Tarihin Manet Masu Ban Haushi, Daga Japan Zuwa Droum

A shekarar 2012, saura kwana uku sallar layya, kawuna ya dawo daga Kano da wani kwali a hammata. Ya biyo hanyar da ƴan kasuwarmu suka saba bi, ta Daura da Matamaye, ya iso Droum bayan isha, ƙura har cikin gira. A jikin kwalin akwai hoton ɗan ƙwallo da wani rubutu da na karanta da ƙarfi: PlayStation! Lokacin ina aji biyar a lakwal, ido ya fi hankali sauri. Sai da yayana ya sa yatsa ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, muka ga ashe PolyStation aka rubuta.

Muka ɗaga murfin da ya kamata a sa faifai, sai ga ramin kaset. Manet ɗin, wato hannun da ake riƙewa a yi wasan, ta yi kama da ta PlayStation sak: ƙaho biyu, maɓalli huɗu a dama, wasu huɗu a kafaɗa. Amma na kafaɗar roba ce kawai aka zuba, ko ka hau kansu da ƙafa ba sa motsi. Cikin huɗun dama kuma, biyu ne ke da aikin kansu, sauran biyun maimaita su suke yi da sauri. Kaset ɗin ya yi alkawarin wasanni 9999999, muka ƙirga muka samu bai fi goma sha ba, sauran duk su ne aka sauya wa suna. Na ce, "Kawu, an cuce ka fa." Ya ce, "Kai dai kunna gurup, ɗan nema. Kyauta ba ta da aibi."

Yanzu ina karatun kimiyyar harshe a jami'a, kuma manet ɗin nan tana cikin akwatina har yau. Ita ce ta sa na shiga bin tarihin irinta. Abin da na gano shi ne, ba mu kaɗai aka taɓa sayar wa hannun da bai dace da hannu ba. Manyan kamfanonin da muke ganin ba sa kuskure sun yi abin da ya fi na kwalin kawu ban dariya, kuma da kuɗi mai yawa.

Kafin a samu mararraba

Na'urar wasa ta farko da aka sayar don a haɗa da tele a gida ita ce Magnavox Odyssey, a Amurka, a 1972. Hannunta akwati ne da ake murɗa masa ƙulli kamar mai neman tashar rediyo. A 1977 Atari 2600 ta zo da sanda ɗaya da jan maɓalli ɗaya, abin da ko kakata za ta gane. Daga nan ne rikici ya fara, don kowane kamfani yana son ya nuna nasa ya fi. A 1979 Mattel ta fitar da Intellivision: hannunta kamar tarho, maɓalli 12 a jere, da wani faifai a ƙasa da ake dannawa da babban yatsa. Kowane wasa yana zuwa da ƴar roba da za ka zura a kan maɓallan don ka san aikin kowanne. In ƙanenka ya ɓatar da robar, sai lalube. A 1982 Atari ta sake fitowa da 5200, aka ba ta sandar da ba ta komawa tsakiya da kanta in ka sake ta. Ka tura ɗan wasanka dama, ka ɗauke hannu, shi kuwa ya ci gaba da tafiya har ya faɗa rami.

Wanda ya kawo gyara wani injiniya ne na kamfanin Nintendo da ke birnin Kyoto, sunansa Gunpei Yokoi. A 1982, a kan wani ƙaramin wasan aljihu na Game & Watch, ya fito da maɓalli mai siffar mararrabar hanya: sama, ƙasa, hagu, dama, duka ƙarƙashin yatsa guda. Ranar 15 ga Yuli 1983 aka fitar da Famicom a Japan da wannan mararrabar da maɓalli biyu, A da B. Ita ma ba ta tsira ba. Maɓallan farko masu kusurwa huɗu ne na roba mai laushi, suna maƙalewa, sai da aka sauya su da masu zagaye. Wayar manet ɗin a manne take da na'urar, ba a cirewa, ga ta gajera. Hannu na biyu kuma ba shi da maɓallin farawa, makirufo aka sa masa a madadin. Wannan Famicom ɗin ita ce ke ɓoye cikin kwalin kawu. An matse kayan cikinta duka a ƙwaya ɗaya, an sa mata rigar PlayStation. Fasahar 1983 muke wasa da ita a 2012, muna murna.

Shekarun hauka

Bayan kasuwar wasanni ta rushe a Amurka a 1983, masu kantuna sun ƙi karɓar duk wani abu mai suna wasan bidiyo. Da Nintendo ta kai na'urarta can a 1985 da sunan NES, sai ta haɗa ta da wani mutum-mutumi mai suna R.O.B. don a ɗauke ta kayan wasan yara. Yana ɗaga hannu a hankali kamar tsoho mai ciwon baya, kuma wasa biyu kacal aka taɓa yi masa, Gyromite da Stack-Up. Aikinsa na gaskiya shi ne ya buɗe ƙofar kanti, kuma ya buɗe.

A 1989 Mattel ta kawo Power Glove, safar hannu mai maɓallai a damtse. Ana kafa wasu kunnuwa uku a gefen tele, safar tana aika musu da sautin da kunnen mutum ba ya ji, su kuma su lissafa inda hannunka yake. A talla abin kamar tsafi, har aka nuna ta a fim ɗin The Wizard a wannan shekarar. A ɗaki kuwa, sai ka shigar da lambobi kafin kowane wasa, ka miƙe hannu a iska har kafaɗa ta yi tsami, ɗan wasan yana tsalle lokacin da ka ce ya tsaya. Wasa biyu aka yi dominta ita ma. Kuma ta hannun dama kawai aka sayar, bahago ya nemi wani aiki. A shekarar dai kamfanin Broderbund ya fitar da U-Force, wadda ake buɗewa kamar littafi a riƙa wuce hannu a gabanta ba tare da taɓa komi ba. A 1993 Sega ta yi Activator, zobe mai kusurwa takwas da ake shimfiɗawa a ƙasa, mutum ya tsaya a tsakiya yana naushi da shuri, hasken da ido ba ya gani yana auna shi. Ku yi tunanin ɗan dambe yana ta kai duka a iska, abokin karawarsa na zaune da manet ta kullum yana cin sa da yatsa biyu. A 1993 ɗin nan Atari Jaguar ta dawo da kuskuren Intellivision, maɓalli 17 a hannu ɗaya. A 1995 Nintendo ta yi Virtual Boy, wadda ake cusa fuska a ciki ana kallon ja da baƙi kawai, mutane suka yi ta kukan ciwon kai da na wuya. Ba ta kai miliyan ɗaya a ciniki ba, aka daina yin ta cikin shekara guda. Abin tausayi, Yokoi mai mararraba shi ne ya jagoranci aikinta.

Nintendo 64 ta 1996 ta zo da manet mai ƙaho uku, alhali hannu biyu Allah ya ba mu. Sandarta ta tsakiya roba ce ke gugar roba, tana zama gari a ciki har ta yi laƙwas. Da wasan Mario Party ya fito, akwai wuraren da sai an juya sandar da sauri, yara suka koma murza ta da tafin hannu har fata ta saluɓe. A shekarar 2000 kamfanin ya yarda, bayan ofishin babban lauyan jihar New York ya shiga maganar, zai raba wa masu wasan safar hannu. A 2001 Microsoft ta fito da Xbox da wata ƙatuwar manet da aka yi wa laƙabi da Duke. Ta yi wa yara da masu ƙananan hannu girma, dole aka ƙera ƙarama don kasuwar Japan, daga baya ƙaramar ta maye gurbinta ko'ina. Sai kuma Steel Battalion na Capcom a 2002: teburi guda, sanduna biyu, maɓalli wajen 40, abin takawa uku, a kan dala 200. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Akwai maɓallin tserewa a ƙarƙashin murfi, in motar yaƙinka ta kama wuta ba ka danna shi ba, wasan ya share duk abin da ka tara.

Bindigar da ta mutu da tele

A kwalin kawu akwai bindigar roba, kwaikwayon Zapper ta Nintendo, ta harbin agwagi a wasan Duck Hunt. Mun daɗe muna gardama kan yadda take aiki. Wani ya ce haske take harbawa, wani ya ce aljanin Sin ne a ciki. Gaskiyar ita ce bindigar ba ta fitar da komi, kallo take yi. A bakinta akwai ƙaramin ido mai jin haske. In ka ja kunama, fuskar tele tana yin baƙi na ƙiftawar ido, sannan a zana farin akwati a inda agwagwar take. In idon bindigar ya ga duhu sannan ya ga fari, ka samu. Wannan lissafi ya dogara ne ga tsohuwar tele mai ƙeya, wadda ke zana hoto nan take. Tele ta zamani mai faɗi tana ɗan jinkirta hoton kafin ta nuna, kuma jinkirin nan ya isa ya ruɗa bindigar. Ranar da kawu ya sauya tele, bindigarmu ta zama ta wasan ɓarawo da ɗan sanda a tsakar gida. Babu abin da ya lalace a cikinta, telen da aka ƙera ta dominta ce aka daina yi.

Gidan wasan yaya

A nan ne maganar ta daina zama ta dariya a gidanmu. Da yayana ya faɗi jarrabawar brebe karo na biyu, ya koma Damagaram ya kama ɗan shago. Inna ta ɗauki adashinta ta ba shi, ya sayi PlayStation 2 guda uku na hannu da tele uku. Na'ura ce ta shekarar 2000, an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, shi ya sa tsofaffinta suka cika kasuwanninmu. Samarin fada suna zuwa bayan la'asar, dala ashirin wasa ɗaya, kusan kowa ƙwallo yake so, PES. Ni nake riƙe masa littafin kuɗi lokacin hutu.

Na'urorin ba su taɓa ba shi matsala ba. Kuran da manet su ne suka sha masa kai. Manet ta asali tana da tsada kuma da wuya a samu sabuwa, sai jabu. Ga ta da sunan kamfani a goshi, ga nauyi kamar gaske, wata ma da muka buɗe mun tarar da guntun ƙarfe an manna a ciki don ta yi nauyi a hannun mai saye. Mako uku, huɗu, sanda ta fara jan ɗan wasa gefe guda, ko waya ta karye a wuya. Wanda aka ci kuwa ba ya taɓa cewa an fi shi. "Manet ce ta ci ni, wallahi ba zan biya ba." Na ga abokai biyu sun shaƙe juna a kan wa zai riƙe mai kyau. Akwai watan da na yi lissafi, kuɗin manet ya cinye fiye da rabin riba, yaya ya kasa kai wa Inna zubin adashi. Ya je Droum ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, wata mai zuwa." Ta ce, "Ni dai ban gane sana'ar da hannunta ke mutuwa kowane mako ba."

Abin da ya cece shi wani mai gyaran rediyo ne a kasuwar Dole. Shi ya nuna masa cewa ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ƴar roba mai baƙin ɗigo, ɗigon nan ne ke haɗa wuta in an danna. Gumi da ƙurar hunturu su ke toshe shi. A goge da auduga da ɗan alkol, in ɗigon ya cinye a shafa masa bakin fensir ko a manna ƴar takardar azurfa ta kwalin taba. Manet uku matattu suna ba da ɗaya mai rai. Waya kuma a ɗaure ta da robar tayar keke a wuya tun tana sabuwa. Da wannan ilimi shagon ya shekara huɗu, ya biya Inna, ya sayi babur ɗin da yake kabu-kabu da shi yanzu.

Ba na zargin kwaikwayo a kan kansa. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu, maƙeran Damagaram sun ga igwa ta baƙi, suka zauna suka zuba tasu a cikin Birni. Sun kwaikwayi abin ne don ya yi aiki. Wanda ya ƙera manet ɗin kawu siffa kawai ya kwaikwaya, ya zana maɓallin da ya san ba zai dannu ba, don ya san mai saye yana nesa, ba zai dawo da kaya ba. Su ma manyan ba su daina tuntuɓe ba: a ƙarshen 2006 Nintendo ta yi tayin sauya igiyar hannu miliyan 3.2 ta Wii saboda tana tsinkewa manet ta tashi ta fasa tele, kuma sandar Joy-Con ta Switch, wadda ta fito a 2017, ta yi suna wajen tafiya da kanta. Bambancin shi ne, mai saye a can yana da inda zai kai ƙara. Yayana mai gyaran rediyo kawai gare shi.

Kare, kurwa da ron

Yanzu bari ɗalibin harshe ya yi magana. PlayStation ta fito a Japan ranar 3 ga Disamba 1994, kuma wanda ya zana manet ɗinta, Teiyu Goto, ya ƙi sa baƙaƙe, ya sa alamomi huɗu. A nufinsa, mai kusurwa uku tana nuna inda ake kallo, mai kusurwa huɗu takarda ce, da'ira na nufin i, gicciye na nufin a'a. Haka abin yake a makarantun Japan, malami da'ira yake zana wa amsar da ta yi daidai. Da na'urar ta isa Turai da Amurka, sai suka juya shi, gicciye ya zama na amincewa. Shekaru fiye da 25 ana haka, sai a 2020 da PlayStation 5 ta fito aka mayar da Japanawa su ma kan gicciye. A aji an koya mana maganar Ferdinand de Saussure cewa babu igiyar da ta ɗaure alama da ma'anarta in ban da yardar masu amfani da ita. Ni a shagon yaya na fara ganin haka, ranar da wani ɗan FIFA ya zauna kan PES. A wasansa da'ira ce ke buga ƙwallo raga, a namu mai kusurwa huɗu ce. Ya zo gaban gola shi kaɗai ya ɗaga ƙwallo sama, shago ya ɗauki ihu.

Mu kuma da Faransanci sunayen suka zo mana, bakinmu ya gyara su. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu irin k da r a jere, sai ta cusa wasali a tsakani. Kalmar Faransanci ta gicciye ta zama kurwa. Ta mai kusurwa huɗu ta zama kare. Ta da'ira ta zama ron. Wata rana Inna ta zo Damagaram asibiti, ta biyo shagon, ta ji yara na ihu, "Danna kare! Riƙe kurwa!" Ta ja mayafi ta ce, "A'uzubillahi, gidan mayu ka buɗe da kuɗina?" Abokaina na Kano kuwa da Ingilishi suke kiran maɓallan nan, ita kanta manet ɗin da wani suna suka san ta. Harshe ɗaya, na'ura ɗaya, iyakar da Turawa suka shata ta bi mu har kan yatsa.

Akwai wani abokinmu da wuta ta ƙone masa hannun dama yana jariri, yatsu biyu suka haɗe. Kowace manet da na ambata a sama an zana ta ne da tunanin yatsu goma masu lafiya. Shi sai ya ɗora ta a cinya, hagu na riƙe da sanda, dama na bugun maɓallai daga sama kamar mai kiɗan kalangu, yaya kuma ya shiga tsarin wasan ya mayar masa da gudu kan maɓallin da zai iya kaiwa. Ya fi rabinmu iyawa. A 2018 Microsoft ta fitar da manet ta musamman don masu naƙasa, a kan kusan dalar Amurka 100, shekara 46 bayan Odyssey. Ban taɓa ganin ta a wani kanti a ƙasar nan ba.

Wannan rubutun ma a kan irin wannan manet na buga shi. Allon kwamfutar da muke haya a bakin jami'a na Faransa ne, AZERTY, yana da maɓalli don é da è da ç da à, amma babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ. Tun taron Bamako na 1966 ake zama kan daidaita rubutun harsunanmu, Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, amma yatsa bai da inda zai samu baƙaƙen. Sai na kwafo su ɗaya bayan ɗaya daga wani shafi, awa na tafiya, kuɗi na tafiya. Da yawanmu mun gaji mun daina, muna rubuta "wasa ya kare" alhali babu kare a wurin. A wayar salula an samu sauƙi, akwai allon Hausa ga wanda ya san inda zai kunna shi, amma kaɗan ne suka sani. Mun saba da ɗora laifi a kan yatsunmu, kamar yadda yaran Amurka na 1989 suka yi ta zaton su ne ba su iya Power Glove ba.

Ga roƙona ga masu karanta wannan ɗan littafi. Na fara tara sunayen da ake kiran maɓallai, dabarun wasa da zagin da ake yi wa wanda aka ci a gidajen wasa. Ina da na Droum da Damagaram, da kaɗan na Kano. Ina neman na Maradi, Tawa, Magarya, Gure da Agadas. Ku rubuta yadda kuka ji su, da garin, da shekarar da kuka fara ji, ku ba duk wanda ya sayar muku da wannan kwafin, zai kawo mini. Gidajen PlayStation 2 suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, yara sun koma wasa a waya inda babu maɓalli ko ɗaya, gilashi kawai ake shafawa. Ƙanena ɗan shekara tara ya ga manet ɗin kawu a akwatina kwanan baya, ya juya ta, ya danna na kafaɗar da ba sa motsi, ya ce, "Yaya, wannan ta lalace." Na ce masa haka aka sayo ta.